Monitor da Virginia, wanne ne ya yi nasara?

Malam, ka tambaya tsakanin jiragen ruwan yaƙi Monitor da Merrimack wanne ya ci ɗan'uwansa a yaƙin basasar Amurka. Toh bari mu fara gyara sunan, Merrimack jirgin katako ne na 'yan Arewa, su da kansu suka cinna masa wuta a 1861 da za su bar tashar Norfolk, 'yan Kudu suka tsamo gangar jikin suka lulluɓe ta da ƙarfe mai kaurin inci 4, suka raɗa masa suna Virginia.

Shi Virginia ƙato ne, igwa 10, ma'aikata sun haura 300, ga ƙahon ƙarfe a goshi na tunkuyi. Matsalarsa nauyi, cikinsa na nutsewa wajen ƙafa 22 a ruwa, juyawa kaɗai sai ta ci masa rabin awa. Monitor kuwa na 'yan Arewa ne, shi ma mai sulken ƙarfe, ɗan ƙarami ne, John Ericsson ya zana shi, igwa 2 kacal, amma suna cikin wani ɗakin ƙarfe kamar ganga da ke juyawa, ba sai an karkata jirgin ba kafin a yi harbi.

Ran 8 ga Maris 1862 Virginia ya yi wa jiragen katakon 'yan Arewa ɓarna a mashigin ruwan Hampton Roads kusa da Norfolk, ya tunkuyi Cumberland har ya nutse, ƙahon ma ya karye a nan, ya ƙona Congress, kuma wallahi abin da ke taɓa ni shi ne ɗan'uwan kwamandan Virginia, wato Buchanan, na jini yana cikin Congress ɗin a matsayin jami'in Arewa. Washegari Monitor ya tare shi, suka yi kusan awa 4 suna ɓarin wuta kusa da kusa, ba wanda ya huda wani. Virginia bai ɗauko harsashin fasa ƙarfe ba don jiragen katako ya zo farauta, su kuma 'yan Monitor an taƙaita musu albarushi zuwa laba 15 don gudun kada igwar ta fashe.

A fagen fama kunnen doki aka yi, amma ni dai Monitor nake ba, don ya hana a ƙarasa jirgin 'yan Arewa Minnesota da ya maƙale a yashi, kuma ɗakin nan mai juyawa shi jiragen yaƙi suka bi daga baya.

Cikinsu ba wanda ya ga 1863. 'Yan Kudu suka tarwatsa Virginia ran 11 ga Mayu don kada a ƙwace shi, Monitor kuma guguwa ta nutsar da shi kusa da Cape Hatteras a gaɓar jihar North Carolina ran 31 ga Disamba da mutum 16, sai a 2002 aka ciro ɗakin igwar daga ƙasan teku.