Tukunyar gas mai kilo 3: ta dace da sabon ɗalibin jami'a?

Sati biyu sun isa jambito, wato sabon ɗalibin jami'a, ya gane cewa sayen abinci safe da rana da dare ba zai kai shi ƙarshen wata ba. Daga nan sai maganar girki, kuma cikin abubuwan da ake yawan saye akwai ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3, wadda ake murɗa kan murhu, wato bona, a bisa bakinta kai tsaye, ba tiyo. Hukuncinmu a kanta: ta cancanci kuɗinta, amma kada a saye ta daga gida. A bari sai an samu ɗaki an karanta dokar hostel, domin akwai makarantun da suka hana gas a ɗakunan kwana ɗungurungum, wasu kuma sun ware kicin. Wanda ya kama haya a waje, a Samarun Zariya ko Rijiyar Zaki ta Kano, shi da mai gida ne.

Tukunyar gas ta fi risho tsabta da sauri, kananzir ma ya daina zama man talaka. Murhun lantarki kuwa yana jan wat 1,000 zuwa 1,500, yana ƙona soket, ga shi wuta na iya ɗaukewa shinkafa na tsaka da tafasa.

Kwana nawa cikonta ke yi? Bona irin wannan, a matsakaiciyar wuta, tana cin kusan giram 150 a awa. Ke nan kilo 3 zai ba da awa 20 ko kusa da haka. Mai girkin awa ɗaya a rana, shayi da safe, taliya ko dafa-duka da yamma, zai yi kamar sati uku. Abu biyu ke rusa wannan lissafi. Na farko wake: in ba a jiƙa shi tun dare ba, tukunya ɗaya ta garau-garau za ta lashe gas ɗin kwana biyu. A jiƙa, a sa 'yar kanwa, a rufe tukunya, da zarar ta tafasa a rage wuta, don ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Na biyu dafa ruwan wanka da sanyin hunturu, da kuma abokan ɗaki masu "bari in ɗan ɗora indomi". In ku huɗu ne kuma kun shirya girki tare, mai kilo 6 ta fi, a riƙa karo-karon kuɗin ciko.

Ita tukunyar gas ɗin da wuya ta ba da matsala in sabuwa ce. A duba jikin mariƙinta, an buga shekarar ƙira da nauyinta ba gas, galibi bayan haruffan TW. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, ta sa shekara 15 a matsayin iyakar rayuwar tukunyar gas, don haka ta hannu da aka shafe da sabon fenti, lambobin sun ɓace, a bar wa mai ita kayansa. A kifa ta a duba gindi, can tsatsa ke fara ci. Wannan lamba ta TW ita ce kuma makaminka a wajen masu ciko: nauyin da sikeli ya nuna bayan an cika, a cire TW, abin da ya rage shi ne gas ɗin da aka sa maka. Kada ka roƙi a danna maka fiye da kilo 3. Da gangan ake barin kusan kashi 20 cikin 100 na cikinta fanko, saboda gas yana kumbura in ya ji zafi, zafin Maris da Afrilu kuwa ba wasa ba.

Raunin kayan yana wajen bona. Wadda ake haɗawa kyauta da tukunya yawanci ƙarfenta sakayau ne, ƙafafun da tukunyar girki ke zama a kai suna lanƙwashewa, makunnin kuma ya fara sakin jiki kafin semesta ta ƙare. Gara a ƙara kuɗi a ɗauki mai nauyi a hannu. Tsakanin bona da bakin tukunya akwai wata 'yar roba zagayayya, ita kaɗai ke tare gas. Yawan kwancewa da ɗaurewa, da murɗawa a karkace, da ɗaurin ƙarfi fiye da kima, su ke cinye ta. Bayan kowane ciko a kaɗa ruwan omo a shafa a mahaɗar. In ya yi ƙwai-ƙwai yana tashi, akwai yoyo, a kwance a canza robar, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ba a gwada yoyo da ashana. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ɗakin ɗalibai, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, daidai inda aka shimfiɗa katifu. In an ji warinsa, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da tukunyar waje, kada a taɓa makunnin fitila ko fanka.

Wuta mai kyau shuɗiya ce. In ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, miya ko ƙura ta toshe ramukan bona ko mashigar iska. A bari ta huce, a cire, a goge da tsohon buroshin haƙori.

Sauran aibin tukunyar gas ɗin guda biyu daga ƙirarta suke. Doguwa ce, zamanta kuma ba faɗi, ƙafar mai wucewa na iya kifar da ita da tafasasshen ruwa a kai, don haka kusurwa ce wurinta, nesa da labule da gidan sauro. Sannan tukunyar girki mai faɗi sosai tana mayar da zafi ƙasa kan makunni da robar nan. Tukunya mai ɗaukar gwangwanin madara huɗu zuwa shida na shinkafa ita ce daidai da ita. Girkin 'yan aji ranar walima kuwa, a nemi murhun gawayi.