Hattara da mai yawo da sarƙar mashin jabu a tashoshin acaɓa na Legas

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar acaɓa, musamman na Agege da Ikorodu. Akwai wani mutum da ke zagaya tashoshinmu da jakar goyo, yana sayar da sarƙar mashin a kwali mai ƙyalli da sunan kamfanin sarƙa na DID, wai 'yar Japan ce mai roba, wato mai zobban roba a gaɓoɓinta, wadda ba ta neman giris. Ni ya ci kuɗina, ya ci na ƙanena. Hausa yake yi tatas, kuma da "ɗan'uwa" yake fara maka magana.

Ga yadda yake yi. Zai zaro guntun sarƙa daga aljihu ya miƙo maka. Wannan ta gaske ce, kana ganin ƙananan zobban roba baƙaƙe a matse tsakanin faranti na ciki da na waje, a kowace gaɓa. Idan ka ce za ka saya, sai ya ba ka wata a kwali, a naɗe cikin leda, an lafta mata giris mai kauri har ba ka ganin ƙarfen. Na ce bari in buɗe, ya riƙe hannuna: "Haba yayana, in iska ta shiga ai robar ta lalace." Ni kuma na yarda, Allah Ya yafe mini wautata. Na biya kusan ninki biyu na kuɗin sarƙar da na saba saya.

Sati uku ba su cika ba, ga damina, ga ruwa kwance a hanya, sarƙa ta fara ƙara tana saki. Bakanikena ya wanke ta da kananzir, ya ɗaga ta sama ya ce, "Malam, nuna mini robar." Babu ko ɗaya. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, an buga 428H a jiki. Wannan H ɗin shi mutumin ya nuna mini a kwali a matsayin shaidar roba, alhali ma'anarsa kawai farantan sun fi kauri.

Aikin zoben robar shi ne riƙe giris ɗin da aka zuba tun daga masana'anta a cikin gaɓar, ya kuma hana ruwa da yashi shiga. Shi ya sa mai roba ta fi daɗewa, ta fi tsada, ta ɗan fi faɗi da nauyi. In ka lanƙwasa ta za ka ji ta da ɗan tauri. Marar roba kuwa lagwai take, tana kacau-kacau. Makullin mai roba, wato gaɓar da ake haɗe bakin sarƙar da ita, yana zuwa da zobba huɗu nasa. Kuma ƙarya ce a ce ba ta son mai, ana shafa mata a waje saboda tsatsa. Kada dai a wanke ta da fetur ko burushin ƙarfe, robar za ta mutu.

Ban ce marar roba ba ta da kyau ba. Da ita yawancinmu muke aiki a kan mashin Boxer, kuma in murfin sarƙarka na nan, kana zuba mata mai a kai a kai, za ta yi maka aiki daidai kuɗinta. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an ce kada in sa mata mai, na bar ta a bushe, ta cinye mini haƙoran sifiroket gaba da baya. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da su a watan Yunin 2022, kowa ya san yadda samu ya ragu, ga kuɗin balas kullum yana jira.

Duk wanda ya kawo maka sarƙa, goge gaɓa ɗaya da tsumma a gabansa, ka duba da idonka. In ya hana, mayar masa da kayansa. Ka saya a shagon da gobe za ka iya komawa, ka karɓi rasit. Lambar wayar da ya rubuta mini a bayan kwali a kashe take tun ranar. Shekaranjiya wani ɗan tasharmu ya ce ya hango mai irin jakarsa a wajen Mile 12.