Moto mai ƙafa uku a Damagaram: injin gazuwal ko na esansi?

Injin esansi da tartsatsin buji yake kama wuta. Na gazuwal ba shi da buji; iska yake matsewa kusan ninki 18 har ta yi zafi, sannan injekta ta fesa mai ya kama da kansa. Shi ya sa ya fi jan kaya masu nauyi, ya kuma fi tattalin mai.

Amma gazuwal ba ya yafe datti. Man kwalba na bakin hanya sau da yawa akwai ruwa a ciki, ruwan kuma shi ke cin pompo da bakin injekta, gyara mai tsada da ba kowane makanike ke iyawa ba. In tanki ya ƙafe, iska ta shiga bututu, injin ba zai tashi ba sai an sassauta ƙusar da ke kan filtar mai, an yi ta buga pompon hannu har kumfa ya ƙare, mai ya fito tsaf, sannan a ɗaure. Baƙin hayaƙi kuwa, fara duba filtar iska. Ƙurar hunturu tana toshe ta cikin ƴan kwanaki.

Na esansi matsalarsa ƙarama ce. Buji ya yi baƙi, a goge, a daidaita tazararsa milimita 0.7. In jiklar karbirato, wato ɗan ramin da mai ke bi ya gauraya da iska, ya toshe, a hura shi da iska, kada a sa waya, tana faɗaɗa ramin.

Mai ɗaukar buhuna daga kasuwar Dole zuwa Mirriya ko Magaria kullum, gazuwal ya fi masa, muddin mansa daga gidan mai yake sha. Mai zirga-zirgar cikin gari, esansi ya ishe shi.