Zama goma da mai ba da shawara bayan jego: sharhina

Bayan na yi arba'in ɗin haihuwata ta biyu, kowa ya watse, aka bar ni da jaririya da wani kuka da nake yi ban san dalilinsa ba. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga. A gida aka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Ranar da na kai yarinya rigakafin mako 14 wata nas ta ƙare mini kallo, ta ja ni gefe, ta tura ni wurin wata mata da ke ganin masu damuwa. Zama goma muka yi da ita, mako-mako, kowanne minti 50.

Ina shiga na ce, "Sannu Likita." Ta yi murmushi ta ce, "Ƙanwata, ni ba likita ba ce, kuma gara ki san bambancin tun yanzu." Likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitin Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano, karatun likitanci ya fara yi sannan ya ƙware, shi ke rubuta magani. Ita kuwa ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta, ta yi digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya, sannan ta yi aikin koyo a asibitin ƙwaƙwalwa ƙarƙashin manyanta. Akwai kuma waɗanda suka fito daga tsangayar ilimi, masu ba ɗalibai shawara a makarantu, su ma aikinsu daban. Ban tambaya ba ta faɗa mini duk wannan, kuma shi ya fara kwantar mini da hankali. Yanzu da kowa ya buɗe shafi a Instagram sai ya ce shi gwanin gyaran zukata ne.

Ta fara da wasu tambayoyi goma da aka tsara a Edinbura ta ƙasar Sikotilan a 1987 don masu jego. Ta ƙarshe ita ce ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Ta yi ta kai tsaye, ba kwana-kwana, ta ce da na amsa da e, a ranar za ta haɗa ni da likita.

Zama biyun farko haushinta na ji. Na zo a yi mini nasiha, ita kuwa sai tambaya da shiru. A raina na ce kuɗina sun tafi a banza. A na uku ta sa na sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare, ta ja layi ta raba shafi uku: abin da ya faru, abin da zuciyata ta raya mini, sai hujja. Ta ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a ce, wadda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960, bayan ya lura masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu su yarda da su ba tare da bincike ba.

Ga wanda ba na mantawa. Surukata ta ɗaga yarinya ta ce, "Kai, 'yar nan ta rame." Na rubuta a tsakiya: ni ba uwa ba ce, ko shayarwa na kasa. Da na kawo, ba ta ce in yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Ina katin awonta?" Na ciro shi daga jaka, gefensa duk ya sha man shafawa. Muka bi layin da yatsa, wata bayan wata yana hawa. Ta miƙo mini biro ta ce in cike gida na uku da hannuna. Na fi minti biyar ina kallon katin nan.

Ba ta taɓa rena addu'a ba. Aikin gida na farko da ta ba ni ma shi ne in zauna a tsakar gida bayan Asuba in yi azkar ɗina a waje, maimakon komawa ɗaki in ja labule. A zama na shida ta nemi maigida ya zo, da izinina, ta yi masa bayanin cewa ciwo ne ba raki ba. Daga nan ya fara karɓar yarinya bayan Isha'i in samu in runtsa.

Abin da bai yi mini ba: tsada, don zama ɗaya ya kai cefanen mako. Duk takardun da Turanci suke, sai ta riƙa fassarawa da baki, wanda bai yi boko ba zai wahala. Sau biyu aka ɗage mini zama ina kan hanya a Keke Napep. Bangon ofishin kuma na katako ne, ina jin tarin masu jira, dole na riƙa magana ƙasa-ƙasa.

A zama na goma ta sake yi mini tambayoyin nan, makina na damuwa ya sauko sosai. Ta ce in dawo bayan wata uku, ko kafin nan in abin ya motsa. Littafin yana ƙarƙashin filo, saura shafi huɗu ya cika.