Gargaɗi ga masu karnuka a Yamai: ku kula da mai allurar jaka

Ƴan'uwa masu karen gadi da na farauta, don Allah ku saurara. Akwai wani mai yawo a moto gida-gida wajen Yantala da Bobiel, yana cewa tarin karnuka ya shigo gari, wai an turo shi yin rigakafi. Da hantsi yake zuwa, bayan maigida ya fita. Ya sami mai gadi ko Hajiya, ya zaro sirinjin da aka riga aka ɗura daga jakarsa, ya caka wa kare, ya karɓi jikka biyu ko uku ya wuce. Ba rasit, ba karne, wato littafin allurar kare.

Ciwon da yake tsorata mutane da shi gaskiya ne. Tarin karnuka na yaɗuwa ta numfashi, kuma wanda likitocin dabbobi ke kira Carré yakan fara da tari, majina da kwantsa, ya kai ga farfaɗiya, ya kashe kwikwiyo. Allurarsa ce ƙarya.

Maganin rigakafi sai cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya wuni a jaka cikin ranar Yamai ya mutu, ko da asalinsa na kirki ne. Na Carré gari ne a ƙaramar kwalba, a gabanka ake haɗa shi da ruwansa, a yi nan take. Likita sai ya duba karen tukuna, don ba a yi wa mai zazzaɓi, rigakafi ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Sannan ya ɓare takardar jikin kwalbar ya manna a karne, da lambarta da ranar ƙarewar aikinta. Kwikwiyo ana fara masa a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan mako 3 ko 4. Mai cewa allura ɗaya ta isa har abada ya yaudare ka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cewar da yake yi wai allurarsa ta haɗa har da haukan kare. Gida ya saki jiki, kare ya ciji yaro, a ce ai an yi masa allura. Ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. In an yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a ruga likita ranar nan.

Wanda aka riga aka yi wa, ya kai karensa wurin likitan dabbobi na gaske a sake. Ku gaya wa masu gadinku kada su buɗe masa ƙofa. In ya dawo, a ɗauki lambar motonsa a kai komisariya.