Khan Academy na da kyau, amma ba kowa bidiyo zai wadatar ba

Duk mai son koyon lissafi a waya ni dai Khan Academy nake fara nuna masa, kyauta ne kuma babu talla a manhajar. Sal Khan ya faro abin ne a 2004 yana koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa, a 2006 ya soma ɗora bidiyon a YouTube. Baƙin allo ne kawai da rubutu kala-kala da murya, kuma abin da ya fi burge ni shi ne za ka tsayar ka koma baya sau goma ba wanda zai harare ka, bayan darasi ga tambayoyin gwaji nan take. Amma fa a kiyaye, kallo yana da yaudara, kana ta gyaɗa kai kamar ka gane, a ba ka biro da takarda sai ido ya raina fata.

Inda nake da ja shi ne masu diskalkuliya, wato matsalar da ƙwaƙwalwa ke shan wahalar gane yawan abu da girman lamba, mutum da wayonsa amma 8 da 6 sai ya tsaya tunanin wanne ya fi yawa, jadawalin sau ya ƙi zama, agogo ma rikici. Ba lalaci ba ne wallahi. Bidiyo ba ya ganin inda irin wannan ɗalibin ya maƙale, shi yana buƙatar malami a gefe da abubuwan da zai taɓa da hannu ya ƙirga, bidiyon ya zama ƙari.

To masanin lissafi zai iya samun wannan matsalar? A ganina ba abin mamaki ba ne, don ƙidaya daban, babban lissafi daban, can sama hujja ce da siffofi da tsarin tunani, lambobin ma ba su da yawa. Ana yawan ba da labarin masanin lissafi Grothendieck, wanda ya ci kyautar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi, a 1966, wai an ce ya kawo lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta ya ce 57, alhali 3 sau 19 ne. Sai dai tuntuɓe ɗaya ba ya nuna mutum na da diskalkuliya, sai ƙwararre ya gwada, kuma masu yaɗa labarin suna wuce gona da iri.

Shawarata idan lamba ce ke ba ka tsoro ka haɗa da tashar 3Blue1Brown ta Grant Sanderson a YouTube, shi da zane mai motsi yake bayani, ko da yake ya ɗan yi wa ɗan koyo nauyi.