Shayin la'asar a Landan

Yaya, kin sha tambayata ko akwai abin da Turawa suka fi mu a harkar abinci. Ranar Asabar na samo miki amsa: a hidima ne, ba a tukunya ba.

Wata abokiyar aikina ce ta gayyace ni shayin la'asar a wani babban otal kusa da titin Piccadilly, sai da muka kama gurbi tun makonni kafin ranar. Ita ta ba ni labarin cewa al'adar ta faro ne wajen 1840, daga Anna, matar hakimin Bedford, wadda yunwa ke kama ta kafin abincin dare, sai ta riƙa sa a kawo mata shayi da ɗan abin taɓawa. Yanzu abin ya zama na ƙasaita. A otal ɗin Ritz ma ba a barin namiji ya zauna babu kwat da nektai.

Faranti mai hawa uku aka dire mana. A ƙasa burodi ne an yanka siriri kamar yatsa, an cire ɓawon, da kokwamba ko ƙwai ko kifi a ciki. A tsakiya akwai wani ɗan curin burodi da suke kira scone, da ɗuminsa, ki tsaga ki shafa masa kirim mai kauri kamar man shanu sabon kaɗi. Sama kuma kayan zaƙi.

Tun da na zauna na ce wa mai hidimar ba na cin alade, ba na shan giya. Ya rubuta, ya tafi. Can sai ga shi ya dawo, ya rage murya ya ce ɗaya daga cikin kek ɗin akwai sinadarin gelatin a ciki, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, ya sauya min da wani. Ban tambaye shi ba, Yaya. Wallahi wannan ya taɓa min zuciya, don kin san yadda nake fama da karanta bayan kwali a kanti.

Shayin kansa kuwa, Earl Grey na sha, mai ƙamshin ɓawon lemo, amma tsararo ne. Bai kama ƙafar na mai shayin bakin layinmu ba, wanda zai zuba madarar Peak ya yi ta sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Kuɗin mutum ɗaya ya haura fam 70, ga ladan hidima a kai.

Idan Allah Ya kawo ki, zan kai ki sau ɗaya. Ki gaida min Umma da yara.